Lambobin da Ke Bayan Littafin Bashi

A ƙarshen littafin da nake rubuta bashin shago akwai wasu shafuka da babu sunan kowa a ciki, babu kuɗi, sai lambobi a jere, kowace rana da tata. Yaron shagona ya taɓa tambayata ko adashe nake zubi. Na ce masa eh, adashe ne. Kwanakin da na yi ban kai giya bakina ba nake ƙirgawa, kuma lambar da na rubuta yau da safe ta haura 1,100.

Ni haifaffen cikin birni ne, daga irin gidan da idan aka kira assalatu ba ka tashi ba za ka ji saukar ruwan buta a fuska. Na yi allo, na yi boko har sakandare, a 1997 mahaifina ya damƙa ni a hannun wani amininsa mai sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari. A shekarar 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina cikin waɗanda suka yi kabbara har murya ta dushe. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin ɗan tasha zai karanta. Mai sahun gaba ne ke magana.

A 2007 maigidana ya tura ni Legas in taro kaya. Kayan suka maƙale, kwana uku suka zama mako uku, ga zafi, ga sauro, ga waya daga Kano safe da yamma. Barci ya ƙaurace mini. Wani abokin harka ya miƙo mini 'yar ƙaramar kwalba ya ce jiƙo ne, maganin ciwon baya da basir. Tun daga warin na san ba jiƙo ba ne kaɗai. Na sha, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Washegari ni na je na saya da kuɗina, ba wanda ya miƙo mini.

Da na dawo Kano, ƙafata ta koyi hanyar Sabon Gari. Duk wanda ya yi wannan rayuwa a garin nan ya san tsarinta. Ana idar da isha'i za ka ce akwai lissafin da ba a gama ba a kasuwa. Ka ajiye mota can nesa, ka cire hula da babbar riga ka jefa a but, ka ɗora hana-salla ka sauke ta har hanci. A hanyar dawowa kuma kanumfari, goro, da turare mai ƙarfi. A ciki za ka ga fuskokin da ka sani: wanda kuka haɗa kafaɗa a sahu da magariba, wanda ka je ɗaurin auren 'yarsa. Ba ya ganinka, ba ka ganinsa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma ban taɓa ganin an karya ta ba. Idan Hisba ta fasa kwalabe aka nuna a labarai, washegari a majalisar kasuwa ni ne na farkon cewa Allah ya ƙara.

Shekarun farko ina ajiye ta gaba ɗaya da azumi, kuma wannan ne hujjata: mutumin da ya iya barin abu kwana talatin ai abin bai fi ƙarfinsa ba. Daga baya azumin ma ya daina hana ni, sai dai in jira a sha ruwa. Akwai kuma hadisin nan da kowane yaro ya haddace, cewa wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ni sai na juya shi. Idan na sha jiya, ai kwana arba'in ɗin sun riga sun hau kaina, to mene ne bambancin in ƙara yau? Haka na riƙa sabunta arba'in ɗina shekara da shekaru. Malamai sun ce ladan ne ke tafiya, sallar tana nan a wuyanka, kuma tuba na goge abin. Wannan ɓangaren ban nemi in ji shi ba.

Kafin 2019 ta ƙare, hannuna ba ya iya riƙe almakashi da safe. Idan mai saye ya ce a yanka masa yadi biyar sai in kira yaro, in yi kamar ina amsa waya. Sai na tsotsi 'yar leda ɗaya ko biyu a bayan shago rawar ke tsayawa. Jarin da maigidana ya sallame ni da shi ya zagwanye, na koma karɓar kaya bashi a wajen wannan in biya wancan.

A tsakiyar Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona. Ina da ɗan abin da na ɓoye a but ɗin mota, ya kai ni farkon azumi ya ƙare. Rana ta farko gumi da rawar jiki, na ce zazzaɓi ne. Dare na biyu na fara ganin ƙwari suna bin bango, ina kaɗe su daga jikina. Abin da ya biyo baya ba ni labari aka yi: na faɗi a tsakar gida ina shure-shure, na ciji harshena, yarana suna kallo. Lokacin ana ta mace-mace a gari, kowa a tsorace yake. Maƙwabta wasu suka ce korona ce, wasu suka ce iska ce. Da ƙyar yayana ya samu aka wuce da ni asibiti.

A can likita ya tambayi ko ina shan wani abu. Yayana ya ce subhanallahi, ko sigari ba ya sha. Sai matata, da ba ta ce uffan ba tun daga gida, ta ce, "Likita, giya yake sha. Ya fi shekara goma. Kwanansa biyu bai samu ba."

Shekara 13 ina tauna kanumfari, ashe ita ke share kwalaben da nake mantawa a ƙarƙashin kujerar mota.

Likitan ne ya fara gaya mini abin da ya kamata kowane gida ya sani. Jikin da ya saba da giya kullum, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, rawa kan fara cikin sa'o'i, faɗuwa irin ta farfaɗiya kan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan na iya kisa. Shi ya sa mai sha sosai ba a kulle shi a ɗaki a ce ya yi ta maza. Asibiti ake kai shi, a ba shi maganin kwantar da jijiyoyi ana ragewa a hankali, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ya ce wannan ɓangaren mako guda ne, kuma shi ne mai sauƙin.

Bayan an sallame ni aka yi zaman 'yan uwa. Wani ya kawo shawarar gidan mari, yayana ya ce a'a, bai manta da abin da aka gani ba a 2019 lokacin da aka buɗe irin waɗannan gidaje aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Aka tsaya a kan rubutu da addu'a, na dafa Alƙur'ani na yi alkawari, na yi kuka, kowa ya yi kuka. Aka kuma yi ittifaƙi cewa maganar ta mutu a ɗakin nan, kada Hajiya mahaifiyarmu ta ji, kada a sake tayar da ita. Rufin asiri ke nan, kuma da kyakkyawar niyya suka yi. Mako tara na yi. Ranar da na koma ba wani abu ne ya faru ba, kawai na tashi daga kasuwa, sha'awar ta taso tun la'asar, kuma babu mutum ɗaya a duk faɗin Kano da zan iya kira in ce masa ga abin da nake ji. Matata? In ɗaga mata hankali. Yayana? Ai na dafa Alƙur'ani a gabansa.

Cikin dare nake lalube a waya, ina rubuta tambayoyin da ba zan iya yi wa mutum ba, ina gogewa kafin in kwanta. A nan na ci karo da labarin Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar mashayan da ba a bayyana sunayensu. A 1935 ta faro a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Abin da ya kama ni shi ne yadda ta faro. Wani ɗan kasuwa, Bill Wilson, ya je garin harka, harkar ta rushe, yana otal shi kaɗai, ya 'yan watanni bai sha ba, sha'awa ta taso masa. Maimakon ya shiga mashaya sai ya shiga neman wani mashayi da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Ba wa'azi ya je yi masa ba, kansa ya je ceta. Na ajiye wayar na ce wannan ai ni ne a Legas, sai dai ni kwalba aka miƙo mini.

Na gwada shiga zamansu na intanet ta Zoom. Ina cikin mota a ƙofar gida, na kashe kyamara, na sa abin sauraro a kunne. Turancinsu ya yi mini sauri, rabin maganar ke wuce ni, kuma rayuwarsu daban: su matsalarsu giya na ko'ina, a biki, a ofis, a teburin cin abinci. Ni tawa matsalar ita ce a garinmu giya ba ta nan, a baki. Duk da haka na ji wata tsohuwa tana ba da labarin inda take ɓoye kwalba, na yi dariya ni kaɗai a mota har da hawaye, don wurin ɓuyan namu ɗaya.

Wanda ya nuna mini hanya wani ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu taɓin hankali, inda nake komawa ganin likita. Shi kansa zuwa wannan ɓangare sai da na yi yaƙi da zuciyata, don a Kano idan aka ce an kai wane Dawanau kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka koma, ko?" Ban musa ba. Ya rubuta lamba a bayan katina ya ce akwai wasu tsofaffin majinyata da ke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, ba asibiti ne ya shirya ba, su suka haɗa kansu. Katin ya yi mako uku a aljihuna.

Aji ne na wata makarantar kuɗi da mai ita ke ara musu, kujerun yara, allo da ragowar darasin lissafi. Na zo a Adaidaita Sahu don kada a gane motata, na wuce ƙofar sau biyu. Mutum tara na tarar. Biyar samari ne, matsalarsu ƙwaya da kodin, huɗu ne na giya. Mai jan zaman wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Sabon Gari, mai sayar da kayan gyaran mota, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya taɓa zama a irin wannan taro a Legas, shi ya zo da tsarin. Ina shiga muka haɗa ido da wani da na sani a can inda muke sauke hula har hanci. Jikina ya yi sanyi. Bisa al'ada na kawar da kai. Shi kuwa sai ya taso ya miƙo hannu ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Ga kujera."

Dokokin ba su da yawa. Ba a tambayar sunan mahaifi ko unguwa. Waya a kashe. Idan mutum na magana ba a katse shi, ba a ba shi shawara sai ya nema, kuma ba a wa'azi. Wannan ta ƙarshe ta fi ba mu wahala, don Bahaushe ko a buge yake yana da ayar da zai ja maka. Abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake kwana. Na lura kusan dokar mashaya ce, ba ka gan ni ba, ban gan ka ba, sai dai a can muna rufa wa juna asiri ne don mu ci gaba, a nan kuwa don mu iya buɗe baki.

A tsarin Turawa mutum kan fara da faɗin sunansa ya ce shi mashayi ne. An ce kafin zuwana an yi ta ja-in-ja a kan wannan. Wasu suka ce ba za su riƙa kiran kansu da sunan abin da suka tuba daga gare shi ba, baki shi ke yanka wuya. Dattijon ya ce ranar da ka manta ko kai wane ne, ranar za ka koma. Aka tsaya a tsakiya: kowa ya faɗi kwanakinsa. "Ni ne wane, yau kwanana 212." "Yau kwanana 6." Da aka zo kaina na ce yau kwanana ɗaya, kuma ko shi bai cika ba. Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya girgiza kai. Wani yaro da bai wuce sa'ar ɗan fari na ba ya ce, "Baba, ɗaya ai ita ce mai wuyar." Daga nan ban iya ƙara kalma ba, kuma ba wanda ya matsa mini.

Abin da ya hana ni sakewa watannin farko shi ne tsoron ko zunubi nake ƙarawa. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa duk al'umma ana yafe mata ban da masu bayyana saɓo, mutum ya yi abu da dare Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce wane, jiya na yi kaza. To ni da nake zama duk Asabar ina zayyana abin da Allah ya rufe fa? Na je wajen wani malami da ba na unguwarmu ba, na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya ce wani ya aiko ni." Ya saurara har na gama, ya yi murmushi ya ce in gaya wa wanda ya aiko ni cewa mai nuna wa likita ƙurji a cinya ba tsiraici yake talla ba. Abin da aka hana shi ne alfahari da saɓo da rashin kunya, ba neman hanyar fita ba. Sannan ya ba ni labarin sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, har wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ya ce, "Ka ce masa kada ya bar salla ko da a ranar da ya sha ne, idan ya wartsake." Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ba ka lafiya." Bai ce wanda ya aiko ka ba.

Cikin matakai 12 da tsarin Alcoholics Anonymous ya shimfiɗa wa mai son barin giya, waɗanda suka shafi miƙa lamari ga Allah ba su zame mana baƙo ba, Musulminmu da Kiristanmu. Wanda ya kusa kayar da ni shi ne na rubuta sunayen mutanen da ka cuta, ka je ka gyara. Ni ɗan kasuwa ne, cutata a rubuce take da lambobi. Mutum 11 na lissafa. Akwai wanda na ce masa kayansa sun jiƙe a hanya alhali na sayar na shanye. Na same shi a shagonsa na ce, "Alhaji, kayan nan ba su jiƙe ba." Ya daɗe yana kallona, ya ce ya sani, ya ce in biya a hankali. Wani kuma ya kore ni, har yau ba ya amsa sallamata, kuma yana da gaskiya. Shekara biyu na yi ina biya. Hajiya ce kaɗai ban iya fuskanta ba. Ta rasu ban gaya mata ba, ko da yake wani lokaci idan na tuna irin addu'ar da take yi mini, wadda ba ta yi wa sauran 'yan uwana, sai in ce anya.

Na faɗi sau ɗaya bayan na fara zuwa, ana gab da Babbar Sallar 2022, ina da wata goma sha huɗu. Ba baƙin ciki ne ya kayar da ni ba, ciniki ne. Kasuwar salla ta yi kyau, na biya babban bashi, na ji ni sakayau, zuciya ta ce ai ka warke, guda ɗaya ba za ta yi komai ba. Ina da lambar mutum uku da muka yi alkawarin kira kafin a sha, ba bayan an sha ba. Ban kira ko ɗaya ba, don na san za su ɗauka. Kwana huɗu na yi a ciki. Asabar ta zagayo na je na zauna na ce yau kwanana biyu. Dattijon ya ce, "To, madalla da ka dawo," aka wuce kan na kusa da ni. Na so a yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Da daddare na buɗe sabon shafi na rubuta 2.

Kada in sa a zaci wurin aljanna ne. Wasu sun zo sau biyu sun ɓace. Ɗaya daga cikin huɗun da na tarar hanta ta kashe shi, muka je jana'iza muka tsaya nesa da juna kamar ba mu san juna ba, don danginsa ba su san da mu ba. An taɓa samun wanda ya fitar da magana waje, zaman ya watse wata biyu kafin a sake wuri. Kuma babu mace ko ɗaya. Sau biyu ma'aikacin jinyar nan na tambayar ko za mu karɓi wata, muka rasa yadda za mu yi, don macen da aka gani tana shiga aji da maza goma ta shiga wani sabon bala'in. Wannan yana damuna, domin na san suna nan, a cikin gidaje, kuma nasu ɓoyon ya fi namu zurfi.

Matata har yanzu idan na dawo da dare takan matso kusa ta karɓi leda a hannuna, ko ledar ba ta da nauyi. Na san abin da take shinshinawa. Da farko abin na ƙona mini rai, yanzu nakan ɗan tsaya in ba ta lokaci.

Abin da ke gabana yanzu shi ne auren 'yata ta fari. Manema sun fito, mutanen kirki, kuma an fara bincike kamar yadda aka saba. Yayana ya ce in ja bakina, abin da ya wuce ya wuce, kada in ɓata wa yarinya. Matata ta ce gara su ji daga bakina da su ji a bakin 'yan kasuwa bayan an ɗaura. Na kai maganar zaman Asabar, wannan karon na ce ina neman shawara. Mutum goma, ra'ayi ya rabu kusan biyu, har wanda ya yi shekara bai ɗaga murya ba sai da ya ɗaga. Dattijon bai goyi bayan kowa ba, tambayata kawai ya yi ko na tambayi yarinyar, tunda ita ta ga faɗuwata a tsakar gida tana da shekara 16. Ban taɓa tayar mata da maganar ba tun ranar.

Waliyyan yaron za su zo ranar Lahadi. Na gaya wa mahaifiyarta ta ce mata ina son ganinta gobe bayan isha'i.